Baƙar Daliya a Daron Iya

Ruwan farko na shekarar 1978 wata Asabar ya sauka, cikin watan Afrilu, kuma da ƙanƙara ya zo, yadda ya saba zuwar mana a Jos. Tun wajen azahar gari ya haɗe, iska ta taso tana kaɗa kwanon rufi, can sai muka ji kamar ana watsa tsakuwa a saman ɗaki. Kafin iyayenmu su ce kada wanda ya fita, tuni mun fice tsakar gida, kowa da kwanon sha a ka, muna tsintar ƙanƙara muna jefawa baki, haƙora na kaɗawa, muna ihu. Ina cikin wannan shagali na ga kakata Iya ta fito daga ɗakinta da daro a ka. Ba kowane daro ba fa, daron aurenta ne, fari mai jan baki, wanda ko yatsa muka ɗora masa sai mun sha ranƙwashi. Ta dire shi daidai ƙofar ɗakin kakana Baba Tsoho, ƙarƙashin indararo, a gindin mangwaro inda rana ba ta leƙawa. Da ruwa ya tsagaita ta kwaso jar laka daga bakin kwata ta cika shi fal, ta danne da ƙafa kamar mai kwaɓin gini. Sannan ta shiga ta ɗauko wani ƙunshi a tsumma ta kwance. Ina ganin abin da ke ciki na tofar da ƙanƙarar bakina. Saiwar daliya ce, fulawar Turawan nan ta Baba Tsoho, kuma ita kaɗai ta rage masa.

Na ruga na riƙe mata hannu na ce, "Iya, ba haka ake dasa ta ba! Za ta ruɓe!" Ta mintsine ni a cinya, mintsinin da har yau in na tuna sai na shafa wurin, ta ɗaga murya yadda ko mutanen tasha za su ji, ta ce, "Ji min 'yar nan! Ni za ki koya wa shuka? Na dasa gwaza tun ba a haifi ubanki ba." Ta cusa saiwar cikin laka ta maida ƙasa ta daddaɓe. Amma na lura idonta ba a kan daron yake ba, yana kan ƙofar ɗakin. Labule a ɗage yake, kuma daga kan gadonsa Baba Tsoho yana ganin komai. Ya kalli daron, ya kalli indararon da ke ɗiga a cikinsa, ya juya fuskarsa bango.

Gidanmu yana can wajen Laranto, ba nisa da tashar mota, ginin ƙasa mai rufin kwano da shingen ƙerana ta baya. Babana direban motar haya ne, asuba ta fitar da shi, magariba ta dawo da shi. Ummata tana fama da keken ɗinki da ƙannena, don haka ni Asabe, ina 'yar shekara tara a lokacin, na zama ta Iya. Ni ce 'yar aikenta, ni ce mai tsefe mata kai, ni ce kuma abokiyar faɗanta. Akwai wani aiki na musamman da nake yi wa tsofaffin nan biyu. Iya da Baba Tsoho ba sa yi wa juna magana baki da baki in da ido a wurin, kunya ce irin ta mutanen da. Sai dai ta ce, "Asabe, gaya wa kakanki tuwo na hucewa," alhali ga shi zaune a gabanta, shi kuma ya ce, "Gaya mata ban ga miya ba tukuna." Ni kuwa in tsaya a tsakiya ina kai magana ina dawo da ita, ina ƙara gishiri yadda na ga dama.

Baba Tsoho ya zo Jos tun yana saurayi neman aikin kuza, amma bai daɗe yana wanke ƙasa a bakin rami ba wani Bature ya ɗauke shi ya riƙa share masa gida a Rayfield. Daga shara ya koma ban ruwa, daga ban ruwa ya zama gadina, mai kula da furanni, kuma a kan wannan aiki ya tsufa. Turawa suna sauyawa a gidan, shi yana nan daram. A ɗakin ma'aikata na bayan gidan suka zauna da Iya shekara da shekaru, sai da Babana ya gina gida ta dawo wurinmu, shi kuma ya riƙa zuwa ƙarshen mako. In an yi hutun makaranta yakan ɗora ni a bayan kekensa mu tafi tare. Ni dai wata duniya nake ganin Rayfield. Tituna shiru, itatuwa dogaye, ciyawa an aske ta sumul, kuma abin da ya fi ba ni mamaki, ko akuya ɗaya babu. Nakan bi shi da ƙaramin bokiti, yana aiki yana fito, yana yi wa furanni magana kamar suna jin Hausa. A cikinsu duka daliya ce 'yar gaban goshinsa. Akwai ire-irenta masu koren ganye, amma wannan ganyenta baƙi ne, baƙin da in rana ta doke shi sai ka ga ja-ja a ciki kamar zoɓo mai kauri. A kan wannan baƙin furen ke buɗewa, ja wur da ɗan rawaya a tsakiya. Saiwarta kamar dankalin Hausa take, 'ya'ya da yawa a wuya ɗaya. Yakan ce min, "Rana take so a kanta, taki a cikinta, amma ƙafarta kada ta kwana a ruwa." In damina ta wuce ganyen ya bushe, sai ya tone saiwar ya kakkaɓe, ya binne ta a garin katako ta yi barcinta har ruwa ya dawo.

Bayan daminar 1977 tsautsayi ya faɗa masa. Ya hau tsani zai sare wani reshe, tsani ya zame, ya faɗo ya karye a cinya. A motar Baba aka kawo shi gida, maɗori ya zo ya ɗaure ƙafar, muka shiga jinya. Da farko da dariyarsa yake jinyar, har tsokanata yake wai in ara masa ƙafa ɗaya tun da ni yawon banza nake yi da tawa. Yana kwance sai Baturen gidan ya tattara ya koma ƙasarsu, wanda ya karɓi gidan kuma ya zo da nasa mai aikin. Da Baba ya je kwaso kayansa, keke ya samo da almakashin yankan reshe da wani ɗan kwali na garin katako da saiwar daliya ɗaya a ciki. Sauran saiwoyin da ke cikin sito duk an zubar, wannan ɗin ma don yana ƙarƙashin gadonsa ne ya tsira. Baba ya ajiye kwalin a gabansa. Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai shi ɗakin uwarka." Daga ranar Baba Tsoho ya yi shiru. Mutumin da fitonsa ke tashinmu da safe ya koma sai ka gaishe shi ya amsa da ka. Tuwo loma biyu, salla a zaune a kan gado, rediyonsa ma ya sa aka kashe. In na shiga na kwashe masa labarin makaranta, sai ya shafa kaina kawai ya lumshe ido.

Da lokaci ya yi maɗori ya kwance karan ɗori, ya latsa nan ya latsa can, ya ce, "Malam, ƙashi ya haɗe, saura kai. In ba ka taka ƙafar nan ba kafin damina ta yi nisa, jijiya za ta ƙage, ka zauna ke nan har abada." A gabana ya faɗa, kuma ban manta ba. Baba ya sayo kwagiri mai kyau ya jingine masa a bakin gado. Ya roƙa, Umma ta roƙa, liman ya zo ya yi nasiha, abokansa na masallaci suka yi ta sintiri. Amsarsa ɗaya ce: "Ba aikin da ke jirana, ina za ni?" Kwagiri ya zauna a wurin har gizo-gizo ya yi masa saƙa.

To, da yammar ranar ƙanƙara muna madafi ni da Iya, ina fifita wuta ina kumbure-kumbure, sai ta dungure min kai ta ce a hankali, "Ke shashasha, kina tsammani ban san yadda ake dasa abin nan ba? Ina zaune a bayan gidan Turawa ina kallon hannunsa tun ina da baƙin gashi. Ƙafarsa ta warke, zuciyarsa ce ta karye. Lallashi ya kasa tayar da shi, bari mu gwada haushi. In kin ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba." Ta ba ni aiki biyu. Duk ɓarnar da ta yi wa fulawar, in tsaya a ƙofarsa in shelanta da ƙarfi. Na biyu kuma, ko da wasa kada in taɓa daron, kowa ya aike ni. Na ce to, har da murna, don ni a ganina wasa ne sabo. Sai da na kwanta na tuna cewa saiwar nan ba ta da 'yar'uwa.

Haka muka shiga damina. Da safe in share tsakar gida, in kwashe ganyen mangwaro, in bi layin famfo da bokiti, in sha koko a tsaye in ruga makaranta da suwaita a wuya saboda sanyi. In na dawo ga wanke-wanke, ga tsince shinkafa ko acca, ga makarantar allo da la'asar, sannan in samu ɗan lokaci mu yi carafke da 'yar gala-gala a ƙofar gida. A tsakanin duk wannan nake cusa aikina na shela. "Wayyo Iya, ruwan wanke-wanke kika zuba mata!" "Iya, kaji suna tonon daron!" Ita kuma ta ce, "Bar su, su ma bayin Allah ne." Ba a jima ba tsiro ya fito, amma fitowar wahala. Ya miƙe siriri yana neman rana, yana lanƙwasa, ganyen maimakon baƙin nan mai sheƙi sai ya koɗe ya koma wani kore-kore mara kyan gani. Ran da Iya ta ga haka har guɗa ta yi. Ta ce, "Asabe, gaya wa kakanki na yi wa fulawarsa magani. Shekara da shekaru ganye baƙi ƙirin kamar wuta ta lashe shi, ashe ciwo ne ba wanda ya kula. Ga shi ta fara kore irin na ganyen mutane." Maƙwabciyarmu Mama Ladi mai sayar da dankalin Turawa tana wurin, ta leƙa daron ta ce, "Iya, wannan fulawa bai da lafiya fa." Iya ta ƙyafta mata ido. Can daga cikin ɗaki sai muka ji tsaki, dogo, mai rai. Iya ta ja ni madafi da sauri, ta rufe baki da gefen zane tana dariya tana cewa, "Ya yi tsaki! Wallahi ya yi tsaki!" Ranar har rawa muka taka a bakin murhu.

Daga tsaki aka koma gyaran murya, daga nan aka koma gunaguni. Ya sa aka gyara masa filo yadda zai riƙa hango daron sosai, wai don iska. Wata rana na dawo daga makaranta, Iya ta tafi gaisuwar haihuwa, gida ba kowa sai ƙarar keken Umma, sai na ji an ce, "Asabe." Rabon da in ji sunana a bakinsa har na manta. Na shiga da gudu na durƙusa. Ya kama hannuna, ya yi ƙasa da murya ya ce, "'Yar albarka, je ki karkata daron nan ruwan ya tsiyaye. Ki kira yaran maƙwabta ku ja shi zuwa jikin katangar can inda rana take. Kada ki gaya wa kakarki." Kai, ban taɓa shiga tsaka mai wuya irin ta ranar ba. A gidanmu yaro ba ya cewa a'a in babba ya aike shi, balle Baba Tsoho, balle kuma abin da ya faɗa shi ne daidai, ni ma shi raina yake so. Amma na san in na ja daron nan, fulawa za ta tashi shi ya ci gaba da kwanciya. Na sunkuyar da kai na ce, "Iya ta hana." Ya ce, "Ni na aike ki." Na ce, "Ta ce mai fulawa ya zo da kansa." Ya saki hannuna. Kallon da ya yi min ba na fushi ba ne, na mamaki ne, kuma da dukana ya yi da ya fi min sauƙi. Na fita na zagaya bayan shingen ƙerana na yi kuka har na gode Allah.

Cikin watan Yuni ruwa ya buɗe sosai, irin ruwan Jos da yake wuni yana zuba. Indararo ya yi ta ambaliya a daron har ƙasa ta nutse, kwaɗi suka samu wurin zama. Ganyen ƙasa suka yi rawaya suka zube, gindin karan ya fara laushi, in ka sunkuya sai ka ji wani tsami-tsami na tashi. Yanzu shelata ba ta wasa ba ce, da gaske nake kuka. Baba ma ya kasa haƙuri, ya sami Iya a madafi ya ce, "Iya, abin nan ya isa haka. In ta mutu a gaban idonsa, me muka yi ke nan?" Ta ce ya je ya ji da motarsa. Amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita na san ta rage cin abinci. Nakan kama ta tsaye da tsintsiya a hannu tana satar kallon daron, bakinta na motsi.

Wata Lahadi da hantsi, bayan an kwana ana ruwa, Baba bai fita ba, kowa na tsakar gida yana shan rana. Sai ga Iya ta fito da fartanya a hannu ɗaya, tukunya a ɗayan. Ta tsaya a kan daron ta ce, "Asabe, gaya wa kakanki fulawa ta ƙi. Zan tone dankalin in dafa wa yara, in sa tattasai a darona in huta." Muryarta na ɗan rawa, amma ni kaɗai na ji. Na maimaita ina shessheƙa. Ta gyara tsayuwa, ta tofa yawu a tafin hannu, ta ɗaga fartanya sama.

"Hauwa!"

Muryar Baba Tsoho ce daga cikin ɗaki, keken Umma ma ya tsaya. Ni sai ranar na taɓa jin wani ya kira Iya da sunanta. "Hauwa, ajiye fartanyar nan!" Iya ba ta ko waiwaya ba. Ta ce, "In kana so a ajiye, zo ka karɓa." Muka ji gadon ƙarfe ya yi ƙara, muka ji kwagiri ya faɗi, muka ji ana lalubensa. Baba ya zabura zai shiga, Iya ta tare shi da tukunya. Can sai ga Baba Tsoho a bakin ƙofa, ya dafa ƙyaure, ya rame, gemu ya yi buzu-buzu, yana ƙifta ido saboda haske, fuskar nan a murtuke. Ya sako ƙafar lafiya, ya jawo ɗayar, jikinsa na ɓari. Bai san ma tafiya yake yi ba, faɗa kawai yake zubawa. Wai wane mahaukaci ne ke dasa daliya a laka, wai ko makaho ya san indararo ba wurin shuka ba ne, wai an taru an kashe masa abu yana ji yana gani. Iya kuwa tana ja da baya kaɗan-kaɗan da fartanyar, yana bin ta, har suka zagaye daron. Da ya fizge fartanyar ne Umma ta rangaɗa guɗa, ƙannena suka hau tsalle ba su san ma dalili ba, Mama Ladi ta leƙo ta kan katanga tana tafi tana cewa, "Baba ya tashi! Baba ya tashi!" Sai a lokacin ya dubi ƙafarsa, ya dubi ƙofar da ya baro. Baba ya tura masa kujera 'yar tsugunno ya zauna yana haki.

Bai tsaya karɓar barka ba. Ya naɗe hannun riga ya zura hannu cikin lakar ya ɗago saiwar. Wari ya buge mu. Yawancin 'ya'yan sun ruɓe, yana taɓawa suna fashewa, dariyar gida ta ɗauke. Ya yi ta lalube da yatsa har ya kai wuyan, sai na ga kafaɗarsa ta sauka. Biyu sun tsira, da ƙarfinsu. Ya ce in kawo wuƙa da toka. Ya yanke ruɓar, ya shafe wurin da toka, ya datse siririn karan nan ya bar ɗan guntu, ya ajiye ta sha iska. Sannan ya ƙwanƙwasa daron ya ce, "Asabe, gaya wa kakarki sai an huda gindin abin nan." Iya ta dafe ƙirji ta ce, "Daron aurena? Gaya masa in da hannunsa ne, ya huda." Aka zubar da lakar aka kife daron, na riƙe ƙusa, ya ɗaga guduma. Bugun farko fentin ya tsage, na ga Iya ta kawar da kai, don Allah Ya sani tana son daron nan, uwarta ce ta saya mata. Ya jera tsingaro a ƙasa, muka haɗa baƙar ƙasa da yashi da busasshen takin shanu da wata Bafulatana mai kawo mana nono daga wajen Vom ta taɓa ba Iya, wanda ashe ɓoye shi ta yi tana jiran wannan rana. Baba da yaran maƙwabta suka ɗauki daron zuwa jikin katanga inda rana ke wuni.

Ka san halin Iya, ba ta tsaya nan ba. Da sabon tsiro ya fito, gajere kakkaura, ganyensa baƙi sidik yadda na san shi, kuma Baba Tsoho ya saba da ɗingisawa zuwa katanga safe da yamma, sai ta ce daron ya tare mata wurin shanya. Aka matsa da shi bakin rijiya. Ya yi faɗa ya bi shi. Bayan ɗan lokaci ta ce kaji ne za su ɓata, aka kai shi kusa da zaure. Ya yi faɗa ya bi shi. Daga ƙarshe ta ce ita fa tana ji wa fulawar tsoron inuwar zaure, ai shi ya ce rana take so, aka fitar da shi ƙofar gida aka ɗora a kan dakali, aka kewaye da ƙaya saboda awaki. Nan Baba Tsoho ya koma zama da tabarmarsa da rediyonsa. Ya kafa mata sanda ya ɗaure da tsumma, ya nuna min yadda ake tsinke kan tsiro don ta yi rassa, ya sa ni farautar tsutsa a bayan ganye. Fito ya dawo. Tsokana ma ta dawo, har na fara cewa gara lokacin da yake shiru. Masu wucewa tasha sukan tsaya su gaisa su tambayi wane irin ganye ne wannan baƙi haka, shi kuwa abin nema ya samu, ya zaunar da mutum ya yi ta bayani har mota ta tafi ta bar shi.

A goman ƙarshe na azumi ta buɗe. Na fito shara da safe na gan shi, fure ɗaya, ja wur a kan baƙin ganye, raɓa na kwance a jikinsa. Na yar da tsintsiya na shiga gida ina ihu. Kafin Salla sun ƙaru, unguwa ta yi ta zuwa kallo. Kwandastocin tasha suna cewa, "Oga gadina, na sayarwa ne?" Mama Ladi ta ce a sa ta a layi, matar liman ma ta aiko. Ya ce kowa ya tanadi tsohon bokiti ko garwa, in rani ya yi zai raba saiwa, kuma da ƙafarsa zai je ya dasa wa kowa, don bai yarda da hannun mutanen unguwar nan ba.

Ranar Salla ya sa farar rigarsa, aka gyara masa gemu. Baba ya kawo mota ƙofar gida zai kai shi Idi, ya ce a mayar da ita, da ƙafa za shi. Iya na tsaye a cikin zaure, ni ina bakin ƙofa da sabon zanena. Ya ɗauki kwagiri, ya tsaya a gaban daron yana gyara ɗaurin sandar da ba abin da ya same ta, sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Asabe, gaya wa kakarki, matar gadina ba ta dasa fulawa a ƙarƙashin indararo sai da dalili. Gaya mata na gode." Na juya zan maimaita, Iya ta ce, "Gaya masa ya yi sauri, liman ba ya jiran gurgu." Ya yi dariya ya bi bayan Baba. Muka tsaya muna kallonsa yana ɗingishi a cikin jama'a, ana ta miƙo masa hannu, har farar rigarsa ta ɓace a kwana. Da na waiwayo sai na ga Iya ta zame ta zauna a ƙasan zaure, hawaye na bin fuskarta. Matar da ban taɓa ganin ta yi kuka ba. Na ce, "Iya, da bai tashi ba fa? Da ta mutu?" Ta jawo ni jikinta ta ce, "Ni ma ban sani ba, Asabe. Tun ranar da na dasa ta ban yi barcin kirki ba."

Baba Tsoho ya ƙara shekaru masu auki yana yawo a ƙafarsa, kuma ya cika alkawari, har ta kai Iya na mitar ta tayar da shi yanzu ta rasa mai zaunar da shi. Duk sun riga mu gidan gaskiya. Gidan yana nan, amma an shafe tsakar gidan da siminti, an sare mangwaron, ɗakunan sun koma na haya. Ni ma ina da daliya a barandata, a tukwanen roba da na sayo a bakin titi, kuma suna fure daidai gwargwado. Yanzu in tsoho ya kwanta a danginmu, mukan kai shi asibiti, mu sayo magani, mu riƙa kiran waya daga wurin aiki muna tambayar ya jiki, kuma ba laifi muke yi ba. Sai dai kowa sauri yake, ba mai zama ya karanci zuciyar mutum har ya gano inda za a taɓa ta motsa. Allah Ya jiƙan Iya. Har yau ban ga wanda ya iya so irin nata ba.